Abin da Na Rufe a Bayan Ɗakina

Zainabu, Lawali, na iso shekarar da nake ta kewayewa tun da na fara cika muku wannan kaye, littafin nan da nake rubutu ciki. Na ba ku labarin rijiyar gidanmu, na ba ku na aurena da rasuwar mijina, har na akuyar da ta cinye mini tabarmar aure na ba ku, duk don kada in zo nan. To yau na zo. Ran sadakar arba'in ɗin ubanku ina bakin murhu ina kwasar tuwo, na ji ke Zainabu kina ce wa matar Lawali, Allah dai Ya ji ƙansa, amma sakacinsa ne ya kai uwarmu ƙasa. Ba ki san ina ji ba. Idona ya tsufa, kunnena bai bi shi ba. Abin da kika faɗa shi duk gari ya sani, kuma ba haka aka yi ba.

Uwarku Hajara, da muke kira Hajo, a bayana ta girma. Innarmu ta rasu tana rarrafe, ni kuma na riga na fara ɗaukar tulu. Da na yi aure na tafi da ita, da mijina ya rasu na dawo da ita gidan babanmu nan kusa da Agiye, daga ɗakina aka ɗauke ta zuwa gidan Malam Isufu, ubanku, can gabas da Gazawa. Ni haihuwa uku na yi, babu wanda ya kai yaye. Saboda haka in na ce ƙanwata, ku ji kamar na ce ɗiyata. Shi kansa ubanku bai taɓa kallona cikin ido ba. Kunyar surukai yake yi mini, in zai gaishe ni sai ya tuɓe takalmi tun daga bakin zaure.

Bayan an yaye ka, Lawali, Hajo ta fara jin nauyi a mara, gefen hagu. Loma uku sai ta ture kwano ta ce ta ƙoshi. Muka sha saƙe-saƙi, muka sha rubutu, abu bai motsa ba. Ubanku ne ya ce a tafi Maraɗi, ni ina cewa a ƙara jira. A wani asibiti can aka yi mata hoton ciki da suke kira eko, aka ce ƙari ne ya fito a gefen mahaifa, wurin da ƙwan haihuwa yake. Likitar mace ce, doguwa, Hausarta ta 'yan yamma, amma ba ta ɓoye magana. Ta ce ba za su tsaga ciki ba. Za su huda wuri uku, su hura iska, su zura wani siririn ƙarfe mai ido su ga ciki, su ciro abin ta nan. Ban yarda ba sai da aka turo mini ita a gadon taya, na ɗaga zanenta. Ɗaya a cibiya, biyu a ƙasa, kowanne an liƙa masa auduga da ba ta kai tafin jariri ba. Tana buɗe ido abin da ta fara cewa shi ne:

"Yaya, kafaɗata."

Na fita da faɗa na sami malamar asibiti.

"Ke ɗiyar nan, ciki aka ce za a yi wa aiki. Kayar da ita kuka yi?"

"Haba Inna," ta ce tana dariya, "iskar da aka hura mata ce ke hawa sama. Ki riƙe ta ta taka kaɗan-kaɗan, kwana biyu za ta fice."

Haka kuwa aka yi. Ran kwana na uku aka sallame mu. Likitar ta zaunar da mu ni da ubanku, ta jera mana ƙa'idodi, kuma har yau ina iya maido muku su yadda suka fito daga bakinta. Kada ruwa ya jiƙa wurin sai ya kame. Ban da gashi da ruwan zafi, wannan ba jego ba ne. Ban da daka, ban da jan guga, ban da ɗaukar yaro, har sati shida. Ta riƙa takawa cikin gida kullum, kada a bar ta kwance kamar buhu. Abinci mai ruwa-ruwa, kada bayan gida ya yi mata tauri ta yi nishi. In jiki ya yi zafi, ko wurin ya yi ja yana ruwa, ko amai ya ƙi tsayawa, a dawo ko da rana ta faɗi. Sannan ta jawo wata kwalbar roba mai jan murfi cikin baƙar leda, da takarda a ninke.

"Wannan shi ne abin da muka ciro. Da ido ba a sanin ko mai lafiya ne ko mugu. A kai shi Yamai da wannan takarda, can za su duba. In sakamako ya fito ku zo mini da shi, ita ma ku zo da ita. Kun ji?"

Ubanku ya ce ya ji. Ni ma na ce na ji. Ku riƙe wannan, don kada wani ya zo wata rana ya ce muku tsohuwa ba ta gane ba ne. Da Hausa aka faɗa, kuma ina zaune.

Kaka ce, gero na tsaye a gona, wake na fashewa. Muka yanke Hajo ta yi jinya a ɗakina, ubanku ya koma ya yi girbi, ku kuma kuna wurin kakarku ta wajen uba. Daga bakin kwalta aka ɗauko mu a amalanken jaki, na sa mata filo a ciki ta rungume, duk ramin da muka faɗa sai ta ce wash ni kuma in zagi jakin. Da zai tafi ya miƙo mini ledar da hannu biyu, kansa a ƙasa.

"Yaya, a ajiye mini wanga. Ran kasuwar Agiye akwai direban da na sani mai zuwa Yamai, zan zo in ba shi."

Na sa ta ƙarƙashin gadona.

Jinya kam na yi ta, wannan ko a gaban Allah zan faɗa. Da tsumma nake goge mata jiki, ina kewaye audugar kamar mai kewaye wuta. Kunun tsamiya da safe, romon zabo da rana, miyar kuɓewa mai ruwa da tuwo mai laushi. In la'asar ta yi in kama hannunta mu je bakin rumbu mu dawo, gobe mu wuce rumbu zuwa gindin itacen bedi. Dariya ce kawai na kasa hana ta, ga shi in ta yi sai ta dafe cibiya tana roƙona in yi shiru. Mata suka yi ta zuwa dubiya, kowace sai ta ce a nuna mata. Maƙwabciyata Gwamma, wadda muke karɓar haihuwa tare da ita a unguwar, ta leƙa ta taɓe baki.

"Wannan ne aikin? Ai ko wanzami ya fi su yanka. Sakiya aka yi miki, Hajo, tashi ki ɗau taɓarya."

"Gwamma, in kin ga taɓarya a hannunta, to gawata ta tsallaka," na ce.

"Ji ta! Kaza mai ɗa guda."

Hajo ta dafe ciki tana cewa don Allah ku bari, za ku farke ni.

Da Gwamma za ta fita na ja ta gefe na nuna mata kwalbar. Ba don komai ba, abin ya hana ni sakewa. Kwana biyu ina kwana bisa naman ƙanwata. Muka buɗe, wani wari mai yaji ya buge mu har idanunmu suka kawo ruwa. Abin yana ciki gutsu-gutsu, ya yi fari-fari. Na gaya mata inda za a kai shi. Gwamma ta daina wasa.

"A mota? Cikin buhunan albasa da awaki? Maza su yi ta juya shi, in sun gama su watsa a bola karnuka su ja? Rakiya, ke ce fa mai rufe mabiyya a gidan nan."

Ita ke nan maganar da ta faɗa, ba ta ƙara ba, kuma ba na ɗora mata komai. Abin da ta faɗa yana cikina tun a Maraɗi. Ku 'yan yanzu kuna haihuwa a gidan likita, ba ku san nauyin abin ba. Mu a wurinmu abin da ya fito daga cikin mace ba shara ba ne. Mabiyya, wato abin da ke biyo jariri, wanke ta ake yi, a naɗe, a haƙa rami a bayan ɗaki a kwantar da ita daidai, a rufe da tsingaro kafin ƙasa. An ce in aka wulaƙanta ta, ko aka kife ta, haihuwar matar ta tafi ke nan. Taki Zainabu ni na rufe ta, taka ma Lawali ni ce. Ga shi likita ta ce gefe ɗaya suka cire, ɗayan na nan, Hajo za ta iya sake haihuwa. Sai na ga kamar in wannan abu ya tafi yawo ƙasar da ba mu da kowa, sauran haihuwarta zai bi shi. Ni na san ɗaki marar kukan yaro. Na ce ƙanwata ba za ta san shi ba.

Washegari bayan azahar, Hajo na barci, na ɗauki kwalbar da ƙaramar fartanya na zaga bayan ɗaki. Na tuntsurar da ruwan maganin, na wanke abin da ruwan ɗumi sau uku, na yage gefen sabon farin ƙyalle na naɗe shi. Na yi bisimilla na kwantar da shi, na kifa tsingaro, na mai da ƙasa na daddanna da ƙafa. Na wanke hannu na zo na dama mata fura, zuciyata fes, kamar wadda ta sauke faralin da ya daɗe a kanta.

Ran kasuwa ubanku ya zo bisa moto, wato babur, da takardar a aljihu. Ya gaida matarsa, ya ga ta yi kyau, ya ji daɗi. Sannan ya same ni a bakin turmi ya durƙusa.

"Yaya, saƙon nan. Direba na jira."

"Na rufe shi."

Ya dafa aljihun da takardar take ciki.

"Yaya, an ce a kai shi."

"An ce. Su da suka ce, ƙanwarsu ce? An ciro cuta, an yar, mi ya rage? Dubi matarka, jiya har bakin bedi ta je da ƙafarta."

"Ko a tono, tun da..."

"Malam Isufu, ni za ka sa in tone abin da na rufe da sunan Allah?"

Da wani ne da ya ɗaga murya. Da ya ɗaga, wataƙila da na ji tsoro na miƙa masa fartanya, ko da yake ban sani ba ko abin zai yi amfani bayan na wanke shi. Amma ubanku ne. Ya dubi ƙasa, ya ce to Yaya, Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Da ya koma ɗaki na ji Hajo na tambayarsa ko an ba direba, ya ce an ba shi. Bai so ta san yayarta ta take maganar likita, ta shiga damuwa tana jinya.

Kwana goma aka cire zaren ɗinkin a gidan likitan nan kusa, majo, babban malamin jinya na wurin, ya ce wurin ya kame sarai. Sati shida suka cika ban bar ta ta ɗaga ko buta cikakkiya ba. Ta yi ƙiba, fatarta ta yi sheƙi, tabon ya koma kamar cizon sauro. Mata na cewa in za a yi jinya a kawo wa Rakiya. Na mai da ita ɗakinta da kaina, da ƙullin kuka da daddawa. Komawa Maraɗi kuwa an ce sai da sakamako, sakamako kuma babu, saboda haka ba a koma ba. Lokaci-lokaci takan ce wa ubanku, takardar Yamai shiru? Ya ce tukuna. Daga baya ita ma ta bar tambaya.

Da bazara ta aiko a kira ni. Na same ta a inuwar ɗaki tana tsince wake, tana wani murmushi tana kau da kai.

"Yaya, zanena ya fara ƙin zagayowa."

Na yi guɗa a tsakar gidan mutane. Wallahi na yi guɗa. A hanyar komawa ina bisa amalanke ina ce wa raina, kin gani, Rakiya, da kin bari an kai shi Yamai fa? Har na gaya wa Gwamma muka yi ta murna. Ni da na karɓi haihuwa ba adadi, ban ga abin da ke gabana ba, don ba na so in gani. Ciki na tashi, wuya na ramewa. Ciki na tashi, hannuwa na komawa kara. Wata huɗu babu motsi. Ranar da na sa tafina na ɗan buga gefe, na ji abu ya kaɗa ya bugi ɗaya hannun kamar ruwa a salka, a nan na gane ba ɗa ba ne.

Aka yi shuka muka koma Maraɗi, mu uku. Likitar nan ce dai. Ta sa abin eko bisa cikin, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce ba ciki ba ne, ruwa ne, kuma abin ya dawo ya bazu, ya kama ɗaya gefen da wasu wurare. Ciwon daji ne. Ta buɗe takardunta tana nema.

"Ina sakamakon Yamai? Ban ga kun kawo ba."

Hajo na kwance ta juyo ta dubi mijinta. Ni ina tsaye jikin bango da ledar kayanta a hannu. Bakina ya buɗe, na rantse muku ya buɗe, amma kafin wani abu ya fito ubanku ya riga ni.

"Ban aika ba, likita. Aikin gona ya sha kaina, na bar shi har ya lalace."

Likitar ta aje alƙalami. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi sauƙi.

"Malam, ban ce da ta warke tabbas ba, wannan na Allah ne. Amma da takardar ta zo, da tun tana da ƙarfi mun sake shiga mun kwashe sauran, mun tura ta ta fara magani. Wata takwas muka ba shi yana aiki shi kaɗai."

Hajo ba ta yi kuka ba. Ta ce, a hankali:

"Ka ce mini an ba direba."

Ya sunkuyar da kai. Ni ma na sunkuyar da nawa.

Suka zuƙe ruwan, ya fi bokiti, ta samu ta yi numfashi. Aka yi maganar Yamai, likitar ta ce jikin ba zai ɗauki maganin ba yanzu, sai in ta ƙara ƙarfi. Ba ta ƙara ba. Da muka fito Hajo ta ce ba za ta koma gidansa ba, a kai ta ɗakin Yaya. Na sake shimfiɗa mata a gadon nan dai. Na sake dama kunun tsamiya, sai dai yanzu cokali biyu take sha. Sati uku ruwan ya sake taruwa, aka sake zuƙewa, ya sake taruwa. Babu sauran zuwa bakin rumbu. Ubanku kullum yana zuwa, ga damina, ga noma, ga hanya duk laka. In ya yi sallama sai ta juya fuska bango. In ya kawo mata nono daga rugar da ke bayan garinsu, sai ta ce in ba yaran maƙwabta. Tabon nan uku suna nan lafiya lau bisa cikin da ya kumbura, ina ganinsu duk lokacin da nake goge ta.

Wata rana da hantsi na bi shi har zaure. Karo na farko ke nan da na zauna ƙasa a gabansa.

"Malam, zan gaya mata."

"A'a, Yaya."

"Tana mutuwa tana ƙin ka a kan abin da ni na yi."

"Na sani. Amma daga hannun wa take karɓar ruwa yanzu? In kin gaya mata, ta juya miki baya ke ma, wa ya rage mata? Ni ma ai ina da baki ran nan, ban yi amfani da shi ba. A bar shi haka."

Na so ya hana ni. Wannan ita ce gaskiyar da ta fi ta kwalbar ɗaci. Na je wurinsa ne ina addu'a ya ce a'a, da ya ce kuwa na ji sanyi a raina, na tashi na koma na ɗora ruwa.

Gero ya fara fitar da kai ta ce a kawo mata ku. Ke Zainabu kika tsaya bakin ƙofa kika ƙi shiga, don ba ki gane ta ba. Kai Lawali ka hau gadon kana wasa da 'yan yatsunta. Da aka fitar da ku ta kama bakin zanena. Muryar ta riga ta tafi, sai da na kai kunne.

"Yaya, ke kaɗai ce ba ki taɓa yi mini sakaci ba. Ki riƙe mini su. Kada ki bar su a hannunsa."

Ubanku na zaune a waje jikin danga, inda yake jin komai. Ina ganin gefen rigarsa ta ƙofa. Tana kallona tana jira, numfashin na fita da ƙyar. Da sauran lokaci, ya isa a faɗi magana guda.

Na ce mata, "To."

Ta cika kafin la'asar. Bayan kwana arba'in ubanku ya kawo ku da kansa, da kayanku a buhu, ya ce wasiyya ce, ba zai taka ta ba. Duk abin da kuka ci a ɗakin nan, duk goyon da na yi muku, duk Innar da kuke kira na, a kan wannan "to" ɗin na same su, kuma nasa ne na karɓe.